Idan Linzamin Kwamfuta Ya Ƙi Aiki a Gidan Goga

A ɗauka ranar Laraba ce da hantsi a Gidan Goga, cikin ƙaramar hukumar Maradun ta jihar Zamfara. Wani malamin makaranta ya zauna gaban kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda ta yini jiya tana shan cajin sola, yana so ya ƙarasa shigar da makin ɗalibansa kafin batir ya yi ƙasa. Ya kama linzamin kwamfutar, wato ɗan abin nan mai siffar ɓera da yawancin mutane ke kira maus, ya ja shi dama. Kibiyar da ke fuskar kwamfutar ko gezau. Ya ja hagu, tana nan daram. Ya kifa shi ya duba cikinsa, jar fitilar da ta saba haskawa ta mutu. Ya zare wayar ya sake sokawa, ya hure ramin, ya ɗan bubbuga shi a tafin hannu yadda ake yi wa tocila. Shiru kake ji. Ɗan filin da ake shafawa da yatsa a jikin kwamfutar kuwa ya daɗe da daina aiki, dalilin sayen linzamin ke nan tun farko.

A Kano wannan ba abin tsayawa a yi magana ba ne. Sai a aiki yaro titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, kafin shayi ya huce an kawo sabo. A Gidan Goga lissafin daban yake. Sai dai a sa ran samu a Maradun ko Talata Mafara, ko a miƙe har Gusau, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa kan fi kuɗin abin da za a sayo. Wannan ma ƙaramin lissafin ke nan. Babban shi ne hanyar kanta. Shekara da shekaru yankin Maradun na fama da 'yan bindiga, kuma ba wanda zai ce wa ɗan'uwansa ya hau hanya saboda linzamin kwamfuta kaɗai. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. A waɗancan makonni, wanda kayan aikinsa ya samu matsala ba shi da kasuwar zuwa, ba shi kuma da halin buga waya ya tambayi masani.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake saurin rufe kwamfutar a ce ta lalace. Aiki ya kwanta kwana uku ko mako guda, sakamakon yara ya makara, takardar da za a kai sakatariya ta sha ƙura. Alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau. Duk abin da linzami ke yi, kusan babu wanda allon madannai, wato kibod, ba zai iya yi ba, kuma ba sai an sayi komai ko an sauko da wata manhaja daga intanet ba. An riga an gina dabarar a cikin Windows.

Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Allon madannai ya girme wa linzami nesa ba kusa ba. Jerin haruffan da ke farawa da Q, W, E, R, T, Y an gaje shi ne daga tafireta, wadda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874. Shi kuwa linzami sai a 1964 aka ƙera na farkonsa, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, bisa tunanin wani injiniya mai suna Douglas Engelbart. Ɗan akwatin katako ne mai ƙafafun gungura biyu a ƙasa da maɓalli guda a sama. Engelbart ya nuna shi ga jama'a ranar 9 ga Disamban 1968 a birnin San Faransisko, amma bai shiga gidajen mutane sosai ba sai bayan da kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984. Tsofaffin akawuna da masu buga takardu da suka fara taɓa kwamfuta a ofisoshin Sakkwato da Kano a zamanin DOS da WordPerfect sun shekara suna aiki ba su san linzami ba, kuma hannunsu ya fi na yaran yanzu sauri. Ilimin nan bai ɓace ba. An dai daina koyar da shi ne.

A koma wurin malamin. A ce wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya zo hutu gida, ya biyo gaisuwa, ya tarar da shi ya yi tagumi.

“Allah gafarta Malam, ai ba ta mutu ba. A ba ni izini in nuna wani abu.”

“Bismillah, ɗana. Ni dai na yi iya yina.”

Saurayin ya durƙusa gefen tebur. Ya danne Alt na hagu da babban yatsa, ya danne Shift na hagu da wani yatsan, sannan ya sa hannun dama ya taɓa Num Lock, wanda ke saman rukunin lambobin da ke gefen dama. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, wani ƙaramin akwati ya fito yana tambaya ko a kunna abin da Windows ke kira Mouse Keys. Ya danna Enter. A ƙasa can kusa da agogo sai ga ɗan hoton linzami ya bayyana. Ya ɗora yatsa kan lamba 6 ya riƙe. Kibiyar da ta yi rabin sa'a a ƙame ta fara jan jiki zuwa dama.

Rukunin lambobin nan na gefe shi ya zama linzami. In aka dube shi da kyau, kamar taswira yake: 8 arewa, 2 kudu, 4 yamma, 6 gabas. Wato 8 na kai kibiya sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama. Lambobin kusurwa kuma a karkace suke tafiya, 7 sama ta hagu, 9 sama ta dama, 1 ƙasa ta hagu, 3 ƙasa ta dama. A tsakiya 5 take, kuma ita ce ke maye gurbin latsa linzami. Masu ƙera allon sun yi mata ɗan tudu da yatsa ke ji, domin a gane ta ko a cikin duhu, abin da ke da amfani ƙwarai a ɗakin da fitila ɗaya ce.

Akwai wani tarko a nan da ke kama duk wanda ya taso da ƙaramar wayar Nokia. A wasan macijin nan da aka yi ta yi a kanta, 2 ce sama, 8 ce ƙasa, domin a waya lambobi daga sama suke farawa. A kwamfuta juye suke, irin na kalkuleta. Saboda haka a minti biyar na farko hannu zai yi ta kai kibiya ƙasa alhali sama ake nufi. Ba wata matsala ba ce, hannun zai saba.

Sauran ayyukan linzami an rarraba su ne ga maɓallan da ke kewaye da lambobin. Alamar tarawa, wato +, ita ce latsawa sau biyu a jere, irin wadda ake buɗe folda da ita. In ana son latsawar dama, wadda ke fito da jerin zaɓi kamar kwafa da gogewa da sauya suna, sai a fara danna alamar ɗebewa, wato −, sannan a danna 5. Sai dai kwamfuta za ta riƙe wannan zaɓi. Duk 5 ɗin da aka ƙara dannawa latsawar dama za ta ci gaba da yi, har sai an danna karkatacciyar sandar nan ta rabawa, wato /, wadda ke mayar da ita hagu. Mutane da yawa a nan suke rikicewa su ce abin ya haukace. Jan abu daga wuri zuwa wuri kuma, sai a kai kibiya kansa a danna 0, ta cafke shi ke nan. A tuƙa shi da lambobi zuwa inda ake so, a danna ɗigon da ke kusa da 0, ta sake shi.

Malamin ya karɓa ya gwada da kansa, nan da nan ya ci karo da cikas na farko. Ya je zai rubuta wa wata yarinya maki 68, sai kibiya ta ɗan matsa dama ta ɗan matsa sama, ba lambar da ta fito. Dalili kuwa, muddin Mouse Keys na kunne, lambobin gefe sun bar aikin lissafi. Sai a koma ga jerin lambobin da ke saman haruffa, waɗanda su kuma ba sa motsa kibiya ko kaɗan. In an gama, maɓallan nan uku da suka kunna shi su ne ke kashe shi.

Cikas na biyu ya fi shafar masu rubutun Hausa. Wanda ya saka tsarin madannan Hausa a kwamfutarsa saboda haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ya sani cewa Alt da Shift in aka danna su su biyu kawai, sauya harshen rubutu suke yi. Idan yatsa ya kuskure Num Lock, sai mutum ya ga wasu haruffa na fitowa ba yadda ya saba ba. A sake danna su biyun, komai zai koma daidai. Sannan dole su kasance na hagu, na dama ba sa wannan aiki.

Wasu ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da rukunin lambobi a gefe sam. A da yawa daga cikin tsofaffin da ake kawowa na hannu, an ɓoye shi ne a cikin haruffa. A duba U, I, O da J, K, L, za a ga ƙananan lambobi da wani launi daban a kansu: U ce 4, I ce 5, O ce 6, J, K, L kuma 1, 2, 3. Ana tayar da su da maɓallin Fn haɗe da Num Lock. In babu ko wannan, allon madannai na tebur da aka soka ta USB zai yi. Kwamfutocin Apple ma suna da irin wannan tsari, kuma haruffan nan dai suke amfani da su.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce tuƙa kibiya da lambobi akwai nawa. Yadda Windows ta zo da shi, kibiyar tafiyar hawainiya take yi. Ana iya ƙara mata sauri: a danna maɓallin Windows, mai hoton taga, haɗe da U, a gangara zuwa sashen linzami, a ɗaga ma'aunin gudu, a kuma kunna zaɓin da ke sa Ctrl ya zaburar da ita, Shift ya rage mata gudu. Duk da haka, wanda zai yini yana aiki a haka zai gaji. Shi ya sa waɗanda suka san kan abin ke ajiye Mouse Keys sai inda ba makawa, su yi sauran aikin ba tare da sun waiwayi kibiya ba.

Nan ne ainihin ilimin yake, kuma aikin malamin nan ya isa misali. Yana son buɗe takardar maki: ya danna maɓallin Windows, ya rubuta farkon sunan fayil ɗin, ya danna Enter, ta buɗe. A cikin Excel maɓallan kibau huɗu na kai shi kowane gida, Tab na tsallakawa gidan gaba, Enter na sauka layin ƙasa, F2 na ba shi damar gyara abin da ya rubuta ba tare da ya goge shi duka ba. Yana son duba jerin sunayen da ke wata takarda: ya riƙe Alt ya taɓa Tab, ya yi ta taɓawa har ya iso inda yake so. Ctrl da S na adana aiki, kuma wanda ke aiki da batir ya kamata yatsunsa su riƙa yin wannan duk bayan 'yan mintuna ko bai yi tunani ba. Ctrl da P na aika takarda firinta. Ctrl da Z na warware kuskure. In ya buƙaci wani umarni da ke can saman Word ko Excel, ya taɓa Alt shi kaɗai ya saki, sai ƙananan haruffa su bayyana a kan kowane sashe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun fitowar Office 2007 haka abin yake.

Kwafar aikin zuwa filas ma haka. Windows da E na buɗe ma'ajiyar fayiloli, kibau na zaɓar fayil, Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na saukewa. Latsawar dama kuwa tana da gajeriyar hanya, Shift da F10. Esc na fitar da mutum daga duk akwatin da ya shiga bisa kuskure, Alt da F4 na rufe abin da ke gaba.

Inda aka fi jin tsoron rashin linzami shi ne wajen cike fom a intanet, kuma a nan ne abincin masu shagunan kafe yake, daga Bakura har Talata Mafara: rajistar makaranta, neman aiki, duba sakamako. Alhali fom shi ya fi komai sauƙin bi da madannai. Ctrl da L na kai mutum wurin rubuta adireshin shafi. Tab na ɗaukarsa daga gurbin suna zuwa na ranar haihuwa zuwa na jiha, Shift da Tab na dawo da shi baya. A gurbin da ake zaɓar jiha ko ƙaramar hukuma, ba sai an buɗe jerin ba ma: danna Z kan kai mutum Zamfara kai tsaye, danna M kuma ta fara zagaya Maradun da Maru. Doguwar sandar tazara ta ƙasa ita ke sa alama a ɗan akwatin amincewa. Akwai dai shafukan da masu gina su suka yi sakaci, suka sa maɓallin da Tab ba ya isa gare shi. A irin wannan wuri ne ake kunna Mouse Keys, a tura kibiya ta danna, a kashe. Laifin na masu gina shafin ne, kuma ya kamata hukumomin da ke ba su kwangila su riƙa gwada wannan kafin su karɓi aiki.

Hukumar da ta fi kowa gane nauyin wannan al'amari a Najeriya ita ce JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Nan take aka ga abin da malaman karkara suka daɗe da sani: yaro ya san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa riƙe linzami. Hannu na rawa, kibiya na zillewa, ya nufi B ya faɗa C, lokaci na tafiya. A 2017, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas da ke ba ɗalibi damar rubuta jarrabawar daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa linzami ba. A, B, C da D na zaɓar amsa. N na kai shi tambayar gaba, P na mayar da shi ta baya. S na miƙa aiki in ya gama, R kuma na dawo da shi in ya danna S bai shirya ba. A shekarar ce kuma aka fara jarrabawar gwaji kafin ta ainihi.

Ga ɗan Gidan Goga ko Faru ko wani ƙauyen Bakura da zai tashi da asuba ya nufi cibiyar jarrabawa a birni, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma abin yaɗuwa yake yi, domin a farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawarta daga waje tasu da kwamfuta. Sai dai sauƙin na wanda ya sani ne. Yaron da bai san inda N da P suke a allo ba zai ɓata minti yana lalube, wanda kuma bai san aikin S ba na iya danna ta tun bai kai rabi ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba don masu linzamin da ya lalace aka ƙirƙiro Mouse Keys ba. Don masu larurar hannu aka yi shi. Cibiyar Trace da a wancan lokaci take Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, wadda ta daɗe tana aiki kan yadda masu buƙata ta musamman za su yi amfani da kwamfuta, na cikin waɗanda suka haɓaka shi, kuma tun daga Windows 95 yake zuwa a cikin tsarin. Tare da shi akwai ɗan'uwansa Sticky Keys, wanda ake kunnawa da danna Shift sau biyar a jere. Shi wannan yana ba mutum damar danna Ctrl ya saki, sannan ya danna S, maimakon haɗa su lokaci ɗaya. Mai yatsa ɗaya mai ƙarfi zai iya aiki da shi. A ƙasar da sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, akwai manya da matasa da yawa a garuruwan Arewa da wannan ya shafa kai tsaye, ga kuma tsofaffi masu rawar hannu da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa. Makafi kuwa ba su da abin yi da kibiya tun asali. Da madannai suke sarrafa kwamfuta baki ɗaya, manhaja na karanta musu abin da ke fuskarta, kamar Narrator da ke cikin Windows ko NVDA da ake samu kyauta. Duk mai shakkar ko za a iya aiki ba linzami, ya zauna kusa da makahon da ya ƙware ya ga gudun hannu.

Kafin a yi wa linzami jana'iza dai, ya kamata a bincika ko suma ya yi. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. Takan toshe ɗan idon da ke ƙarƙashinsa, kuma tsumma mai laushi ko auduga na wadatarwa. Idon nan ba ya gani da kyau a kan gilashi ko tebur mai sheƙi, sai a shimfiɗa masa takarda marar ƙyalli. In marar waya ne, batir ake fara tuhuma, sannan ɗan makunnin da ke cikinsa, sannan ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a jikin kwamfuta, wanda ke saurin ɓacewa a jaka. In mai waya ne, a sauya masa rami, domin ramin USB guda na iya mutuwa sauran na aiki. Wayar kuma ta fi karyewa ta ciki daidai wuyanta, saboda naɗe ta da ake yi da ƙarfi a jikin linzamin. Tsofaffin kwamfutocin tebur masu zagayayyen rami kore na linzami da mai launin shunayya na madannai suna da tasu ɗabi'ar: in an soka linzami suna kunne, sau da yawa ba sa ganinsa sai an kashe an sake kunnawa. Shi ma filin shafawar da aka ce ya mutu, a wasu lokuta kashe shi aka yi bisa kuskure. A jerin F1 zuwa F12 akwai wanda ke ɗauke da hotonsa, a danna shi tare da Fn a gani.

A makarantun karkara da yawa darasin kwamfuta a allon bango yake ƙarewa. Malami ya zana ta da alli, yara su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawa, ba su taɓa ta ba. Ana cewa rashin wuta ne da rashin kuɗi, kuma gaskiya ne. Amma koyon wurin maɓallai ba ya buƙatar wuta. Mataccen allon madannai da masu gyara ke jefarwa a bayan shago ya isa yaro ya san inda Tab take, ya ji tudun 5 da na F da J a yatsarsa, ya iya kai hannu ga N da P ido rufe. Guda biyar a aji, a riƙa zagayawa da su, sun fi zanen alli amfani. Masu koyar da kwamfuta a shaguna su ma da za su ware rana ɗaya a mako su zare linzaman su kulle a durowa, da ɗalibansu sun fita da abin da zai yi musu rana a ɗakin jarrabawa da wurin aiki.

Kafin azahar malamin ya gama shigar da makin aji biyu, batir na saura kaɗan. Ya adana, ya kwafa a filas, ya rufe komai da Alt da F4. Saurayin ya nuna masa na ƙarshe: Windows da X, sannan U, sannan U, kwamfuta ta kashe kanta. Malamin ya yagi takarda daga bayan rajista ya rubuta maɓallan da manyan baƙaƙe, ya liƙa a cikin murfin jakar kwamfutar. Batun sabon linzami kuwa, ya ce zai ba wani direban da ya saba zuwa kasuwar Talata Mafara sautu, in hanya ta yi kyau ranar Talata mai zuwa, kuma a sayo mai waya, guda biyu.